Wa ya koya wa Ceroki noma da karatu kafin a kore su?

Ɗan_Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ake yawan maimaitawa a kan ƙabilar Ceroki ta Amurka, wai 'yan mishan ne suka koya musu noma da karatu, shi ya sa kafin a tasa ƙeyarsu zuwa yamma a 1838 har suna da jarida da tsarin mulki da manyan gonaki. Ni dai ina ganin maganar ba ta rasa tushe ba. Mishan ta farko ta zauna a ƙasarsu a 1801, shekara 27 bayan haka sai ga jarida. Masana, me kuka gani?

Uwar_Rumbu: Wa alaikumus salam. Malam Ɗan_Zaure, cire noma daga lissafin tukuna. Ceroki sun yi ɗaruruwan shekaru suna noman masara kafin su ga Bature ido da ido, kuma aikin mata ne. Gona a fadamar bakin kogi ake yin ta. Idan sabon wuri ne, a sassaƙe ɓawon manyan itatuwa a zagaye su bushe a tsaye, a ƙone ƙananan, toka ta zama taki. Ba kunya ake ja ba, tudu-tudu ake tarawa da fartanya, tsakaninsu kamar taki ɗaya, a zuba ƙwayar masara kaɗan a kowane. In ta ɗan tasa sai a shuka wake a gindinta ya hau kara, kabewa kuma ta malale a ƙasa ta danne ciyawa ta riƙe laima. Kuskuren da ke ɓata wannan tsari shi ne shuka waken da wuri, domin yana rinjayar masarar ya kwantar da ita.

Gona biyu kowace mace take da ita. Ƙarama a bayan gida, inda ake sa masara mai saurin nuna don ta tare yunwar bazara, da babba a filin gari, inda kowane gida yake da nasa yanki. Maza suna shiga wajen sharar gona da shuka da girbi, amma noma da tsaro na mata ne. Tsofaffin mata kan hau wani dandamali a tsakiyar gona suna korar hankaki da namun daji, kuma a lokacin yaƙi su ne abokan gaba suke fara samu. Sabuwar masara kuwa ba a taɓa ta sai an yi bikin ɗanyar masara, a kashe tsohuwar wuta a hura sabuwa, a yafe wa juna laifuffuka in ban da kisa.

Garma_da_Doki: Hajiya ta faɗi gaskiya. Abin da ya zo daga waje garma ce, kuma ba mishan ta kawo ta ba, gwamnati ce. Yarjejeniyar Holston ta 1791 ita ta ɗora wa Amurka alkawarin ba su kayan noma. Dabarar a fili take: namiji ya ajiye bindigar farautar barewa ya kama garma, mace ta bar gona ta koma kaɗi da saƙa, dajin farauta ya zama ba shi da amfani, sai a saye shi.

Sarkin_Shakka: To ai kun ƙarfafa maganar Ɗan_Zaure ke nan. Ko mishan ko gwamnati, duk daga Turawa ne.

Garma_da_Doki: Ba haka ba ne Yallaɓai, dubi yadda abin ya gudana. Mata ne suka fara karɓa, ba maza ba. Lokacin da Benjamin Hawkins, wakilin gwamnati, ya ratsa garuruwansu a ƙarshen 1796, mata ne suka riƙa tambayarsa irin auduga da matajin shiɓa da keken kaɗi. Kuma ba su bar gonar masara ba, sun dai ƙara auduga a kai. Maza kuwa da yawansu kiwo suka zaɓa, saboda ya fi kama da farauta: a saki aladu da shanu a daji, a tsaga musu kunne don shaida, kaka ta yi a bi su a kamo. Wannan ya jawo sabon aiki, domin dabba a sake take, gona ce ake killacewa da shingen tsagaggen itace. Shinge ya ruɓe ko ya yi gajarta, aladu su shiga su tone dankali da masara a dare ɗaya.

Ita garmar ma ƙarama ce, doki ɗaya ke ja, tana tsaga ƙasa ne sama-sama. Matsalarta biyu. Bakinta ya dakushe ko ya karye, in babu maƙeri a kusa ta zama kayan ajiya, shi ya sa shugabanninsu suka yi ta neman a turo maƙera. Sannan a gangaren tsaunukan Karolina ta Arewa ba ta da wani tasiri, can fartanya ta ci gaba da mulkinta.

Mai_Lissafi: Bari in sa lambobi a maganar. Elias Boudinot, Baceroken da daga baya ya zama editan jaridarsu, ya karanta su a jawabinsa na Filadelfiya a 1826, lokacin da yake neman kuɗin sayen injin ɗab'i. A 1810 akwai garma 500, keken kaɗi 1,600, masaƙa 467, aladu 19,600, amalanke 30. Zuwa lokacin jawabin: garma 2,943, keken kaɗi 2,488, masaƙa 762, aladu 46,000, shanu 22,000, dawaki 7,600, amalanke 172, maƙera 62, injin niƙa 31, injin tsaga katako 10, makarantu 18, mashigar fito 18. Ku lura tun 1810 keken kaɗi ya ninka garma fiye da sau uku. Hujjar Garma_da_Doki ke nan a rubuce.

Gwaggon_Yara: Lambobin nan suna ɓoye wani abu. Wa ke da gidan da aka ajiye keken kaɗin? Ceroki ta wajen uwa suke ƙirga dangi. Zuriya bakwai ce: Kyarkeci, Barewa, Tsuntsu, Fenti, Dogon Gashi, Shuɗi da Dankalin Daji. Ɗa na zuriyar uwarsa ne, kuma ba a aure a cikin zuriya ɗaya. Miji shi ke tarewa a gidan matarsa. Gida nata, gona tata, rumbu nata, 'ya'ya nata. Aure ya mutu, shi ne zai tattara komatsansa ya koma wajen uwarsa ko 'yar'uwarsa. Mai tsawata wa yaro da koya masa abin duniya kawunsa ne, ba ubansa ba.

To da dukiya ta fara taruwa a hannun maza, shanu da bayi da shaguna, sai tambaya ta taso: in mutum ya mutu, 'ya'yansa za su ci gado ko 'ya'yan 'yar'uwarsa? Dokarsu ta farko a rubuce, ta 1808, wadda ta kafa 'yan doka masu dawaki, ta ba su aikin kare gadon 'ya'ya daga ubansu da rabon matar da ya bari. A 1810 aka soke fansar jini tsakanin zuriya, hukuncin kisa ya koma hannun hukuma. A 1825 aka ba 'ya'yan da Baturiya ta haifa wa Baceroke cikakken 'yanci, alhali a tsohuwar al'ada ba su da zuriya sam. Tsarin mulkin 1827 kuma ya ce maza kaɗai ke zaɓe. Mata ba su yi shiru ba, sun kai wa majalisa koke a 1817 da 1818 cewa kada a ƙara sayar da ƙasa, kuma na farkon yana ɗauke da sunan Nancy Ward, wadda take da babbar murya a cikinsu.

Uwar_Rumbu: Ƙari a kan na Gwaggo: duk da haka dukiyar mace ba ta zama ta miji ba. Dokar 1819 ta hana Baturen da ya auri Baceroka taɓa dukiyarta ba da yardarta ba. A jihohin da ke kewaye da su a lokacin, matar aure ba ta da wannan kariya.

Ɗan_Zaure: Na janye batun noma, Allah ya ƙara sani. Amma karatu fa? Nan kam ai makarantun mishan ne.

Ɗan_Maɗaba'a: Nan ne ma maganar ta fi rushewa, Malam. Wanda ya ba Ceroki rubutu Sikwoya ne, maƙerin azurfa, bai taɓa zama a aji ba, ba ya jin Turanci balle ya karanta, kuma ba Kirista ba ne. Ya fara da yi wa kowace kalma alama, ya ga abin ba shi da iyaka, sai ya koma sauraron gaɓoɓin da ke maimaituwa a magana. Ya gama a 1821 da alamomi 86, daga baya aka ajiye ɗaya suka zama 85. Wasula shida ne, a, e, i, o, u da wani na hanci. Sauran kowace alama baƙi ne haɗe da wasali, in ban da guda ɗaya mai sautin s zalla. Wasu siffofin sun yi kama da na boko amma sautin daban: mai kama da D ana karanta ta a, mai kama da R e, mai kama da T i, mai kama da W la, mai kama da 4 se.

Sirrin saurinsa shi ne babu haɗa baƙi. Sunan alama shi ne sautinta, ka haddace 85 ɗin ka iya karatu ke nan. Mai jin harshen yakan kama cikin 'yan kwanaki ko makonni. Ba makaranta aka buɗe ba, mutum ya koya wa maƙwabcinsa, a rubuta da gawayi a jikin katako ko da wuƙa a ɓawon itace. Da farko an zarge shi da sihiri, sai da aka raba shi da ƙaramar 'yarsa Ayoka, aka faɗa wa ɗaya magana ya rubuta, ɗayan ya karanta daidai, sannan dattawa suka sallama. Abin da ya ƙara masa kasuwa shi ne wasiƙa, domin akwai 'yan'uwansu da suka riga suka koma Akansas, kuma shi da kansa ya kai musu rubutun. Majalisa ta amince da shi a 1825.

'Yan mishan kuwa a lokacin wani tsari suke shiryawa da haruffan boko, na John Pickering na Boston. Jama'a suka ƙi shi. Samuel Worcester, ɗan mishan da ya iso a 1825, shi ya gane cewa bakin alƙalami ya riga ya bushe, ya shawo kan hukumarsa ta bi na Sikwoya.

Malama_Allo: Akwai inda rubutun yake da rauni, kada a mai da shi kamar ba shi da aibi. Harshen Ceroki yana da karin sauti da dogon wasali da gajere, kuma alamomin ba sa nuna ko ɗaya. Daidai da bokonmu, inda fari na launi da fari na rashin ruwa suke zuwa da rubutu ɗaya, sai jimla ta raba gardama. Ɗan gida ba ya tuntuɓe, baƙo kuwa sai ya sha wuya. Haka kuma a magana sukan haɗiye wasalin ƙarshe, amma a rubutu dole a sa cikakkiyar gaɓa.

Mai_Lissafi: Ƙidayar 1835 ta raba wannan gardama ta karatu. Ceroki 16,542 aka samu a gabas. Masu karanta rubutun Sikwoya sun kusa dubu huɗu, masu karanta Turanci sun ɗan haura dubu ɗaya. Shekara talatin da ɗoriya na makarantun mishan a gefe guda, shekara 14 na rubutun da ba shi da makaranta a ɗaya gefen.

Sarkin_Shakka: Kuna neman ku mai da mishan 'yan kallo. Wa ya zuba haruffan dalma? Wa ya koyar da editan jaridar? In ba Turancin da jagororin Ceroki irin su John Ridge da Boudinot suka koya a hannunsu ba, da wane baki za a yi gardama a Washinton?

Ɗan_Maɗaba'a: Wannan kam ka yi gaskiya, ba a hana su nasu. Worcester ne ya tsara alamomin layi-layi ya sa aka zuba su a Boston. Jaridar Cherokee Phoenix ta fito ran 21 ga Fabrairu 1828 a New Echota, babban birnin Ceroki, shafi huɗu, mako-mako. Amma injin na majalisar Ceroki ne, ba na coci ba. An sha wahala kafin fitowar farko, don injin ya iso babu takarda, sai da aka tafi Knoxville da amalanke aka ɗauko. Masu jera haruffan Turawa ne, Isaac Harris da John Wheeler, ba sa jin harshen, kuma akwatin haruffa 85 ba irin wanda suka saba ba ne, sai da aka ƙera sabo. Shi ya sa ɓangaren Turanci ya fi yawa a kowace fitowa: Boudinot ne ke fassara, shi ke gyara, ga jinkirin jerawa. Kuɗinta dala biyu da rabi a shekara in an biya tun farko, mai karanta Ceroki kaɗai dala biyu. A 1829 injin ya buga Linjilar Matta da littafin waƙoƙin coci.

Malama_Allo: Tunda an zo kan mishan, a bambance su, don ba tafiyarsu ɗaya ba. 'Yan ɗarikar Morabiya su suka fara, a Spring Place, 1801, kusa da gidan James Vann, wani attajirin Baceroke. Su wa'azi suka zo yi, shugabannin Ceroki kuwa makaranta suke so, har majalisa ta ba su wa'adi: ko ku buɗe aji ko ku kama hanya. Makarantar ƙarama ce, yara kaɗan ne a lokaci guda. John Gambold da matarsa Anna Rosina sun karɓe ta a 1805. Sai 1810 suka yi wa mutum na farko baftisma, Margaret, matar da Vann ya bari, sai Charles Hicks, ɗaya daga cikin shugabanninsu, a 1813. Shekara tara ana jiran mutum ɗaya.

Gideon Blackburn na Firesbiteriya ya buɗe tasa a bakin kogin Hiwassee a 1804, ta mutu a 1810 bayan an same shi da hannu a safarar barasa.

Babbar ita ce Brainerd, 1817, wadda Cyrus Kingsbury ya kafa wa hukumar mishan ta Boston a kusa da inda Chattanooga take yau. Makarantar kwana ce haɗe da gona. Da Turanci ake koyarwa, a tsarin Lancaster, inda malami ɗaya ke koya wa manyan ɗalibai su kuma su koya wa ƙanana. Maza su yi noma da faskare, mata su yi kaɗi da ɗinki da girki. Yaro yakan tashi da sunan Baturen arewa da ya ɗauki nauyinsa. Daga 1819 gwamnati ta ware dala 10,000 a shekara don irin waɗannan makarantu a duk ƙabilu. Inda tsarin ya yi ta cijewa shi ne yaron da ya zo ba ya jin Turanci: zai haddace sauti ba ma'ana, ga duka da bulala wanda iyaye mata ba su yarda da shi ba, ga lokacin girbi da ake zuwa a ɗauke yara. Waɗanda suka ci riba 'ya'yan gidajen da dama ana Turanci ne.

Baftis a Valley Towns, cikin tsaunuka, sun ɗauki wata hanya. Evan Jones ya koyi harshen, ya yi amfani da rubutun Sikwoya, ya ɗaga masu wa'azi 'yan gida irin su Jesse Bushyhead. Metodis kuma daga 1822 ba su damu da gina tasha ba, a kan doki suke zagaye gida-gida suna taron kwana a fili, kuma su suka fi kowa mabiya. Duk da haka in aka haɗa su gaba ɗaya, 'yan coci ba su kai kashi 10 cikin 100 ba a wajen 1830.

Gwaggon_Yara: Kuma rubutun bai zama na coci kaɗai ba. Masu maganin gargajiya sun rubuta addu'o'insu da sunayen saiwoyi a ƙananan littattafai da alamomin nan, abin da bai yi wa 'yan mishan daɗi ba ko kaɗan. A 1827 ma wani dattijo, White Path, ya ja mutane suka yi wa sababbin dokokin da yawan mishan tawaye.

Bafaden_Gaskiya: Ana ta garma da jarida an tsallake bayi. Ƙidayar 1835 ɗin da Mai_Lissafi ya kawo ta nuna bayi baƙar fata 1,592. Gidajen da suka mallake su ba su kai ɗaya cikin goma ba, amma su ke riƙe da majalisa. Joseph Vann shi kaɗai yana da 110, a gidan jan bulo da ubansa James Vann ya gina a 1804. Major Ridge, mahaifin John Ridge, yana da gandu da mashigar fito a kogin Oostanaula da itatuwan marmari fiye da dubu. John Ross, babban shugaban Ceroki, shi ma yana da bayi. Tsarin mulkin 1827 ya hana mai jinin baƙar fata riƙe muƙami. A manyan gandayen nan ba namiji Baceroke ne ya maye gurbin mace a gona ba, bawa ne. Su kansu tashoshin mishan sun yi hayar bayi daga iyayengijinsu.

Uwar_Rumbu: Haka ne, kuma kada hoton gidan Vann ya rufe mana ido. Gidan talaka ɗaki ɗaya ne na gungumen itace, an cike tsakaninsu da laka, rufin tsagaggen katako, bututun hayaƙi na itace da aka shafe da yumɓu, wanda in yumɓun ya zube gobara ce. A gefe rumbun masara a ɗage a kan ƙafafu saboda ɓera da laima. Sai asi, ɗan ƙaramin ɗaki mai rufin ƙasa da ake hura wuta a ciki, a kwana a lokacin sanyi, a adana dankali.

Tuwonsu ma yana da fasaha. Ana tace ruwa ta cikin tokar itace mai tauri, a dafa masara a ruwan tokar har dusar ta saɓule, a wanke sau da yawa, a daka a turmin gungume da taɓarya mai nauyi a sama, a tankaɗe da kwandon gora. Toka ta yi yawa abinci ya yi ɗaci, ta yi kaɗan dusa ta ƙi fita. Wannan jiƙon yana sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a masara, shi ne ke kare mai cin masara kullum daga cutar felagira. Garin ake cuɗawa da dafaffen wake, a naɗe a ganyen masara a jefa a tafasasshen ruwa.

Garma_da_Doki: Sannan akwai gadugi, wato gayya tsantsa: ƙungiyar maƙwabta da ke zagayawa gona-gona, su yi wa tsoho da gwauruwa aiki, su gina ɗaki, su haƙa kabari. Ƙasa kuma ta al'umma ce. Abin da mutum ya mallaka shi ne wahalar da ya zuba a kai, shinge da gini da itatuwa, zai iya sayar wa ɗan ƙabila amma ban da bare. A 1829 aka rubuta hukuncin kisa ga duk wanda ya sayar da ƙasa ba da izinin majalisa ba.

Ɗan_Zaure: To in duk sun yi abin da aka ce su yi, me ya hana a bar su?

Bafaden_Gaskiya: Ƙasar ake so, ba gyaruwarsu ba. An ga zinariya a yankin Dahlonega a wajen 1829, shugaban Amurka Andrew Jackson ya sa hannu a dokar kora ran 28 ga Mayu 1830, jihar Jojiya ta yanka ƙasar filoti-filoti, eka 160 na noma, eka 40 na zinariya, ta raba wa Turawanta ta hanyar ƙuri'a a 1832. Gonar da aka share aka killace ai ta fi daji daɗin samu.

Sarkin_Shakka: A nan ne zan sake tsaya wa mishan. Jojiya ta ce daga 1 ga Maris 1831 duk Baturen da ke zaune a ƙasar Ceroki sai ya yi mata rantsuwar biyayya. Worcester da likita Elizur Butler suka ƙi, aka yanke musu shekara huɗu da aiki mai tsanani. Ƙararsu ce ta kai Kotun Ƙoli, inda alƙalin alƙalai John Marshall ya yanke a Maris 1832 cewa dokar Jojiya ba ta da hurumi a can. Sai Janairu 1833 aka sake su. Wanda ya shiga kurkuku dominka ba ɗan kallo ba ne.

Malama_Allo: Ba a musa ba, amma ƙarasa labarin. Hukuncin bai hana komai ba, hukumar Boston kuma ta sassauto, Worcester ya koma yamma a 1835. Waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar New Echota ta 29 ga Disamba 1835, wadda ta sallama ƙasar Ceroki ta gabas a kan dala miliyan biyar, jagororinsu har da Boudinot da John Ridge, ɗaliban Spring Place da makarantar Cornwall ta Konetikat. Takardar ƙin amincewa da Ross ya kai Washinton kuwa tana da sunaye sama da 15,000. Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar da ratar ƙuri'a ɗaya. A lokacin jaridar ma babu ita, ta tsaya a 1834, dakarun Jojiya suka ƙwace injin a 1835.

Sarkin_Shakka: Malama, kin lissafa waɗanda suka sassauto kin bar waɗanda suka tsaya. Evan Jones yana tare da Ross har ƙarshe. Shi da Bushyhead kowanne ya ja ayari a tafiyar 1838, Daniel Butrick na hukumar Boston ma da ayari ya tafi. Kiyasin mutum 4,000 da suka mutu da ake yawan ambata, daga Butler ya fito.

Gwaggon_Yara: Ƙaramin gyara, Yallaɓai. Bushyhead shi ne shugaban ayarinsa, amma wanda Jones ya bi shugabansa Situwakee ne, Jones mataimaki ne.

Ɗan_Zaure: Na gode da gyaran. Saura abu ɗaya, Hajiya Uwar_Rumbu: masu tafiyar sun samu sun girbe masarar 1838, ko a gona aka bar ta?

Uwar_Rumbu: A ƙarshen Mayu sojojin Amurka ƙarƙashin Janar Winfield Scott suka fara kamen, masara ko bunni ba ta yi ba. A gona aka bar ta.